Baba Datti, Bakaniken da Ya Saurari Kujerar Baya

Duk wanda ya saba bin hanyar Kabo zuwa Gwarzo da sassafe ya san shi, ko da bai san sunansa ba. Dattijo ne siriri mai farin gemu, zaune a kan wani mataccen injin mota a gindin darbejiya, daf da shiga garin Gwarzo. Da ya fito daga sallar Asuba zai share gaban garejinsa da kansa, ya jera sifanu a kan buhu, manya a dama ƙanana a hagu, sannan ya karɓi kofinsa wajen Ƙasim mai shayi ya juya wa titi gefen fuska. Ba kallon motoci yake yi ba, saurarensu yake yi. Ƙasim, wanda teburinsa ya tsufa a gefen garejin, ya ce sau da yawa mota za ta wuce a guje, tsohon bai ko ɗaga kai ba, sai ya ce, "Wannan zai dawo." Kafin shayi ya huce sai ga ta ana turowa.

Wannan shi ne Malam Datti bakanike, wanda duk direbobin Gwarzo da Kabo ke kira Baba Datti. Ni ba direba ba ce, ban san giyar mota ba ban san kuloci ba. Sunana Murja, malamar Islamiyya ce a Garo, kuma iyakar sanina da mota shi ne in yi bismilla in shiga baya. Amma na ji labari zai ajiye sifana bayan damina, ya bar garejin ga Bashari, wanda ya koyi aiki a hannunsa har shi ma ya zama uban gida. Na ce ba zan bari ya tafi gida shiru ba. Ina cikin matan da suke raye yau saboda Allah Ya sa mutumin nan ya iya saurare, kuma zan faɗi yadda aka yi.

A birni ya koyi aiki, a wani kamfanin motoci, zamanin da in abu ya lalace a mota sai a cire shi a jefar a sa sabo fil daga kwali. Da aka shiga tsuke bakin aljihu kamfanin ya sallami ma'aikata, ya dawo gida da akwatin ƙarfe ɗaya da mata da 'ya'ya. Waɗanda suka ga lokacin sun san yadda aka sha. Sabon kaya ya ɓace, na gwanjo ya yi tsada, motoci suka koma haɗe-haɗe. Za ka ga mota ɗaya, inji na wata ƙasa, ƙafafu na wata, ƙofa kuwa igiya ce ke riƙe da ita. A wannan zamani Baba Datti ya yi suna. Ya yanka gasket, wato shimfiɗar da ke hana inji yoyo, daga kwali, ya farfaɗo da motocin da masu su suka riga suka yi musu ta'aziyya. Tsofaffin direbobi sun ce akwai shekarun da in ba don shi ba, mai naƙuda daga Lakwaya ko Kara sai dai a ɗauko ta a amalanke.

Abu ɗaya ne bai taɓa yarda a yi wa dabara ba, shi ne birki. Lokacin da man birki ya yi wuya, wasu suka riƙa kaɗa ruwan omo suna zubawa, wai ai shi ma yana da santsi. Duk wanda ya zo masa da wannan, sai ya ce, "Ɗana, komai zan haɗa maka, har fitila zan ɗaure maka da kyalle. Amma birki ba naka ba ne, na mutanen da ka ɗauko ne." In mutum ya dage, ya nuna masa hanya. Wasu sun yi fushi sun ce tsohon yana da taurin kai, kuma gaskiya suka faɗa, yana da shi.

Yana kuma da wata ɗabi'a da take ba mutane dariya. In ka kawo masa mota ka ce tana ƙara, ba zai taɓa ta ba tukuna. Zai tambaye ka wa ya ji, a ina yake zaune, motar me take yi a lokacin. Daga nan sai ya ce ka yi masa ƙarar da bakinka. Ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kan wannan. Ƙasim ya ce ya ga wani babban Alhaji da babbar riga da rawani, tsaye a tsakiyar gareji yana "ƙiii, ƙiii, garararr," direbobi na tuntsira dariya a bayan shayi, Baba Datti kuwa ya rufe ido yana gyaɗa kai kamar mai sauraren karatu. Da Alhaji ya gama sai ya ce, "Sake na ƙarshen." Ya sake. Ashe 'yar tsakuwa ce ta maƙale a ƙafar gaba, aka zaro ta da tsinke.

To, ga tamu.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, direbobi suka fara raba zama, maza gaba mata baya. Mu dai mun ji daɗi, don mun gaji da matsatsi da gwiwoyin maza da warin taba. Haladu, wanda hayis ɗinsa ce ke kai matan Garo kasuwar Gwarzo, mutum ne mai tsoron Allah, kuma bai tsaya a raba zama ba. Ya kai motar wajen mai walda aka matsar da kujerun baya can ƙarshe, aka kafa shamaki na katako tun daga ƙasa har rufi, da 'yar taga ta miƙa kuɗin mota. Da ya ga mata sun yi masa caa da kayansu, ya sa wa motar manyan tayoyi masu faɗi na wata mota daban don ta ɗauki nauyi. Muka samu ɗaki sukutum mai tafiya. A ciki ake shayar da yara, a ciki ake hira, har kitso na ga an ƙarasa.

Ba a daɗe ba muka fara jin wani abu a ƙarƙashinmu. Wadda ta fara ji ita ce Inna Uwaliya, tsohuwa mai daddawa, wadda kujerarta ba ta canzawa, ta dama a kan taya. Mace ce da ba ta haɗiye magana. Ta leƙa ta taga ta ce, "Haladu, motar nan taka tana kuka." Ya ce, "Inna, kwanukanku ne ke gogar juna." Muka tattara kwanuka muka rungume a cinya, kuka bai daina ba. Aka sake gaya masa. Tsakani da Allah, bai yi banza da mu gaba ɗaya ba. Ya kai ta nan ya kai ta can, aka canza boris ɗin taya, aka canza takalmin birki, kowane bakanike ya shiga gaba kusa da shi suka zaga gari da motar wayam, suka dawo suka ce lafiyarta ƙalau. Daga nan magana ta zama abin tsokana a tasha. In muka zo shiga sai wani ya ce, "Ga masu aljanu nan." Wasu matan ma suka yarda aljanun ne, suka fara zuwa da tazargade. Ni da nake malama na ƙara yawan addu'ar hawa abin hawa, amma a raina na san ƙarfe ne ke taɓa wani abu.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wurin da take yi. Akwai wata kwana a hanyar, kana gama shan ta sai gangare mai tsawo, a ƙasansa gada ce siririya a kan rafi. Duk direba a nan yake taka birki da gaske. A nan kuma motar take kukanta, muna cike maƙil, da goyo da masu ciki da tsofaffi.

Wata ranar kasuwa, muna sauka a Gwarzo, Inna Uwaliya ta bar wa maƙwabciyarta tallar daddawa ta kama hannuna. Ta ce, "Malama, zo ki raka ni. An ce akwai wani tsoho mai sa Alhazai kuka a gareji. Ni ma zan je in yi masa nawa."

Muka same shi a ƙarƙashin wata akori-kura, ƙafafu kawai a waje. Muka yi sallama. Ya fito, ya goge hannu, ya sa aka kawo mana benci cikin inuwa. Aka gaisa, ya gida, ya iyali, ya hanya, ya kasuwa, bai gajarta mana ko ɗaya ba duk da aiki na jiransa. Sannan ya ce, "Hajiya, ina motar?"

"Ban je Makka ba tukuna, Malam, kuma ba ni da mota. Ta Haladu ce, ni haya nake shiga."

"To, ai kin fi shi saninta ta wani wajen. A ina kike zama?"

"A baya, dama, a kan taya."

"Yi mini ita."

Inna Uwaliya ta gyara mayafi, ko kunya babu. "Ka san in ana tankaɗe, gari ya kusa ƙarewa a rariya sai tsaki? Shaa, shaa, shaa. Haka take yi."

Ya rufe ido. "Kullum?"

"A'a. In za mu kasuwa take yi, a kwanar nan ta kan gangare. In za mu koma gida ba ta yi."

Ya buɗe ido ya dube ta. "In za ku koma, kayan sun ƙare?"

"Sun ƙare mana, ai sayarwa muka zo."

Bai ƙara tambaya ba. Ya sa hularsa, ya ɗauki sifanu kaɗan ya zuba a aljihu, ya ce mu je tasha. A hanya na ga yana sauri irin wanda ban zaci tsoho zai iya ba.

Haladu na kwance a inuwar motarsa yana jiran a tashi kasuwa. Da ya gan mu tare da Baba Datti fuskarsa ta canza. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya ce, "Baba, wallahi an duba motar nan. Boris sabo ne, birki sabo ne. Su Inna ne dai ba sa gajiya."

"Da aka duba, wa ya zauna a baya?"

Haladu ya ce, "Baba, ai wurin mata ne."

"Na sani. Tun da ka kafa katakon nan, akwai namijin da ya taɓa zama a can tana tafiya da kaya?"

Babu. Kowa ya kiyaye haddi, kuma da kyakkyawar niyya. Direba a gaba, kanikawa a gaba, masu tsokana a gaba. Masu ji suna baya, kuma ba a ɗauki jinsu a bakin komai ba.

Baba Datti ya je wajen wani mai sayar da hatsi ya aro buhunan masara, aka loda su a kujerunmu. Yana tambayar Inna Uwaliya ko nauyin ya kai, tana cewa a ƙara. "Sa biyu a wurina, Malam, ni ba ƙaramar mace ba ce." Da motar ta zauna yadda take zama ranar kasuwa, sai ya juyo ya ce, "Ku ba ni aron ɗakinku na yau. Ku kuma ku shiga gaba, don ku nuna mana wurin." Ya cire takalmi ya hau, ya kwanta a kan buhu, kunnensa a daɓen motar.

Ranar na fara ganin hanyarmu ta gilashin gaba. Muka fita gari, muka haye gadar, muka hau gangaren, muka sha kwanar. Shiru. Haladu ya fara murmushi. Inna Uwaliya ta ce, "Kai, rufe haƙoranka. Juya, ai ba ta wannan hannun take yi ba." Ya juya, muka taho kamar masu zuwa kasuwa. Muka shiga kwanar, motar ta kwanta dama kamar yadda ta saba. Na kasa kunne iyakar iyawata, kuma a nan zan yi wa Haladu adalci: wallahi ban ji komai ba. Inji na ƙarƙashin kujera yana ruri, katako ya tare sauran. Ashe duk watannin nan ba ƙarya yake yi ba.

Sai muka ji duka a jikin shamaki, bam bam bam, da muryar tsoho: "Tsaya! A hankali, kada ka danna da ƙarfi!"

Haladu ya lallaɓa ya tsaya a gefen hanya, a kan tudu, gangaren na gabanmu. Baba Datti ya sa duwatsu a ƙafafun motar, ya hana a sauke ko buhu ɗaya, ya shige ƙarƙashi ta dama. Jim kaɗan ya kira Haladu, sannan ya ce, "A kira mini mai daddawa, ita ta fara gani da kunnenta." Muka tsuguna muka leƙa. Wani siririn fayif ne, bai fi kaurin tsinken tsire ba, ɗaure da waya a jikin motar kusa da taya. Gefensa ɗaya ya yi fari tas yana ƙyalli, kuma ya jiƙe kamar mai gumi.

Ya yi mana bayani da Hausar da ni ma na gane. Ta cikin fayif ɗin nan man birki ke bi. Ranar da mai walda zai kafa kujeru, ya gusar da shi gefe don kada wuta ta taɓa shi, ya ɗaure da waya, ya manta bai mayar ba. Da tsofaffin tayoyin ne, da babu abin da zai faru. Amma sababbin sun fi faɗi, kuma in mota ta cika ta kwanta dama, sai taya da yashin da ke jikinta su riƙa cin fayif ɗin kaɗan-kaɗan. Wannan shi ne tankaɗen Inna Uwaliya.

Haladu ya ce, "To Baba, ai sai mu lallaɓa mu koma, in an tashi kasuwa in kai su gida, gobe in kawo ta."

Baba Datti bai yi masa musu ba. Ya ce, "Shiga ka taka birki. Taka kamar akuya ta gitta maka a kan gadar can."

Ya shiga ya taka. Muka ji fss, mai ya yi tsartuwa ya wanke tayar, ƙafar Haladu ta tafi har ƙasa babu abin da ya tare ta. Ya sake takawa, wayam. Ya fito a hankali, ya dubi gangaren, ya dubi gadar, sai ya zauna a ƙasa daɓas. Yana ta maimaita Innalillahi. Ni kuwa fuskokin matan da muka taho da su da safe ne suka riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya, har da jaririyar da aka yi suna makon da ya wuce. Na yi kuka, ban ɓoye ba.

Haladu ya ja gwiwa har gaban Inna Uwaliya. "Inna, ki yafe ni don Allah."

Ta ce, "Tashi, ɗan nan, Allah Ya yafe mana gaba ɗaya. Amma ka sake ce mini kwanuka ka gani."

Baba Datti, kai ne ka kwanta a kan buhun masara da furfurarka don ka ji abin da tsohuwa mai daddawa ta ce ta ji. Kai ne ba ka yi dariya ba. Ba ka ci mutuncin Haladu a tasha ba, ba ka ambaci sunan mai walda ba, ba ka kushe 'yan'uwanka kanikawa ba, cewa ka yi kowa ya duba inda aka nuna masa. Da wasu suka fara cewa ai shamakin ne ya jawo, a cire shi, kai ne ka ce a'a, matan suna son sitirarsu kuma haƙƙinsu ne. Ka sa sabon fayif a mazauninsa, ka sa aka mayar da tayoyin da suka dace da motar, sannan ka ɗauko abin huji ka jera ƙofofi a saman katakon, inda ido ba ya kaiwa amma murya na wucewa. Ka ce wa Haladu, "Duk tashar da ka tsaya, ka tambayi na baya me suka ji." Har yau yana tambaya, har ya zame mana abin tsokana. Motocin hanyarmu masu shamaki kuwa, yanzu da wuya ka ga wadda ba a huda samanta ba, kuma yawancin direbobin ba su san daga ina abin ya samo asali ba.

Dalilin ajiye aikinsa shi ne abin da ya fi taɓa ni. Ba ƙarfi ne ya ƙare ba, hannunsa har yanzu yana kwance noti. Kunnen ne ya yi nauyi. Shekaru na guduma da rurin inji sun karɓi rabonsu. Bashari ya ce shi da kansa ya kira shi ya ce, "Na fara tambayar mutane su sake ƙara ba don in tabbatar ba, sai don ban ji ba. Bai kamata in riƙe birkin mutane a haka ba." Babu wanda ya kore shi, babu wanda ya ma lura. Shi ya auna kansa ya sauka.

Makon jiya muka je gaishe shi ni da Inna Uwaliya, ta kai masa daddawa a ƙullin ganye. Yana nan a kan mataccen injinsa, gefen fuska ga titi kamar kullum. Ta ce, "Malam, ina kwana?" Ya karkato ya ce, "Na'am?" Ta ɗaga murya ta sake. Ya sake karkatowa. Bashari ya matso da kunya yana cewa ta yi haƙuri, sai an yi kusa da shi. Ta ɗaga masa hannu. "Bar ni in maimaita. Wata da watanni ina faɗa wa masu lafiyayyen kunne magana ba su ji ba. Shi sau ɗaya na faɗa masa."

Kanikawa da direbobi, har da mu malamai da masu duba marasa lafiya, ga abin koyi a bakin titi. In wanda ke zaune a inda ba ka zama ya ce ya ji wani abu, tashi ka je ka zauna a wurinsa kafin ka ce babu.

Mun gode, Baba Datti, mu matan kujerar baya da 'ya'yanmu. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka hutu mai albarka, Ya sa ka gama lafiya. Na san ba ka karanta boko sosai, don haka zan zo gindin darbejiya in karanta maka wannan da kaina, da ƙarfi, kusa da kunnenka. Inda ba ka ji ba, ka ce in sake, zan sake.